Tsohon Inji Ba Ya Buƙatar Guba: A Daina Tsorata Masu Tsofaffin Motoci Da Zancen Dalma

 

Akwai wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu. Duk lokacin da wani ya ɗora hoton 504 ɗin mahaifinsa da ya tayar, ko wata tsohuwar Marsandi da ya fitar daga ƙarƙashin rumfa, sai ka ga an yi masa caa: "Alhaji, wannan injin na fetur mai dalma ne, man yanzu zai cinye maka shi." Daga nan sai shawarwari su biyo baya. Wannan ya ce a riƙa tsiyaya baƙin mai a tanki, wancan ya ce a nemo man jirgin sama a gauraya, wani kuma ya turo hoton wata 'yar kwalba da yake sayarwa, ya ce in ba a zuba ta ba injin ba zai kai baɗi ba. Har an kai ga wasu suna karyar da motoci masu lafiya ga 'yan gwangwan saboda tsoro.

Matsayinmu a bayyane yake. Mafi yawan tsofaffin motocin da ke hannun mutanenmu suna shan fetur marar dalma lafiya lau. 'Yan kaɗan da ke da matsala, matsalarsu sananniya ce, ana iya auna ta, kuma maganinta aikin gareji ne na sau ɗaya. Mai kiran a dawo da dalma cikin mai, ta ƙofar gaba ko ta bayan gida, yana kiran a sayi lafiyar ƙarfe da ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu ne. Ga dalilanmu.

ME YA KAI DALMA CIKIN FETUR TUN FARKO?

Masu tsoratarwar suna magana kamar tare aka halicci inji da dalma. Tarihi bai ce haka ba. Ford Model T ta fito a 1908, aka ƙera miliyoyinta, ta yi shekara goma sha biyar tana yawo a duniya kafin a sayar da litar farko ta fetur mai dalma. A watan Disamba na 1921 ne wani injiniya mai suna Thomas Midgley, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin General Motors a ƙarƙashin Charles Kettering, ya gano cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin dalma mai ruwa-ruwa, wanda ake kira tetira-etil, yana kashe ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas da inji ke yi idan an matsa masa. A Fabrairun 1923 aka fara sayar da shi a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka.

A lura da kyau, ƙarar da muke nufi daban take da bugawar inji da muke kira nokin a gareji. Ita wannan tana faruwa ne idan ragowar mai da iska da ke cikin silinda suka fashe da kansu kafin wutar fulogi ta iso gare su. Ƙarfin da mai ke da shi na jure matsi ba tare da ya fashe ba shi ake kira okten. Dalma hanya ce mai arha ta ɗaga okten, kuma kamfanonin da suka mallaki haƙƙin sarrafa ta sun ci riba a kan kowane galan. Wannan ne dalilin zuba ta. Ba wanda ya zauna a 1921 yana tunanin kare bawul.

Sun kuma san guba ce tun ranar farko, shi ya sa suka raɗa wa man suna Ethyl, suka kauce wa ambaton dalma a tallarsu. A Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, bayan gubar ta taɓa musu hankali. Aka ɗan dakatar da sayarwa, ƙura ta lafa, aka ci gaba. A duk tsawon waɗancan shekaru kuma kamfanin Amoco yana sayar da fetur marar dalma mai okten mai yawa a gabashin Amurka, motocin zamanin suna sha suna tafiya.

ABIN DA DALMA KE YI WA INJI, DA ABIN DA TAKE ƁATAWA

Ba za mu ɓoye gaskiyar da ke hannun abokan jayayyarmu ba, domin suna da ita, ko da yake 'yar kaɗan ce. Bayan ɗaga okten, dalma tana yin wani aiki na biyu da aka gano daga baya. Idan ta ƙone, tana barin wani siririn dafi a bakin bawul ɗin fitar hayaƙi da kuma mazauninsa, wato zoben da bawul ke zama a kai idan ya rufe. Wannan bawul shi ne ya fi komai shan wuta a inji, zafinsa kan haura digiri 700. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana dukan mazauninsa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a kowace daƙiƙa. In mazaunin ƙarfe ne mai laushi, kuma babu wannan dafin a tsakani, sai ƙarfe biyun su riƙa mannewa kaɗan-kaɗan saboda zafi, bawul yana tashi yana ɓantaro ɗan ɓurɓushi. Ɓurɓushin ya yi tsatsa ya taurare, ya koma kamar yashi yana goge mazaunin. A hankali bawul ya riƙa nutsewa cikin top silinda. Ratar tafet ta riƙa raguwa har ta ƙare, bawul ya daina rufewa ruf, kwamfireshan ya gudu, bakin bawul ya ƙone.

Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma a tambayi dattawan kanikawan da suka yi aiki a shekarun 1970 da 1980 abin da suke tararwa idan sun buɗe inji. Fulogi kan toshe da farin dafi, ana goge shi ana canzawa ba ƙaƙƙautawa. Ƙasan inji kan cika da wata laka mai ruwan toka. Salansa kan huje da wuri. Dalilin shi ne dalma ita kaɗai takan taru ta cushe inji, don haka sai da aka haɗa ta da wasu sinadarai masu bromin da kulorin domin su kwashe ta su fitar ta salansa. Waɗannan kuma idan sun ƙone suka haɗu da damshi sai su zama asid, su ci salansa, su gurɓata baƙin mai. Mai kewar dalma yana tuna alherinta guda ɗaya, ya manta da ɓarnarta uku.

WAƊANNE INJUNA NE ABIN YA SHAFA?

A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne masu tsoratarwa ba sa son a tsaya. Nutsewar bawul tana buƙatar abu biyu su haɗu: mazauni mai laushi, da aiki mai zafi na dogon lokaci. In ɗaya ya ɓace, matsalar ta ragu ƙwarai ko ta kau.

Mu fara da waɗanda ba ruwansu. Duk injin dizal ba ruwansa, domin ba a taɓa zuba dalma a gas ba. Mai Mercedes 200D ko 240D, da mai 504 ta dizal, su kwantar da hankalinsu. Injin da ake gauraya wa baƙin mai a fetur, irin na tsohuwar Vespa da ƙaramin janareta, ba shi ma da irin wannan bawul ɗin, balle ya nutse.

Sai injunan da top ɗinsu na alminiyam ne. Alminiyam ba ya iya jure dukan bawul, saboda haka tun daga masana'anta ake dasa masa zoben ƙarfe daban a matsayin mazauni. Yanzu a duba motocin da suka cika hannunmu. Peugeot 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968, waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, top ɗinsu na alminiyam ne. Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas, top ɗinta na alminiyam ne. Injunan fetur na Mercedes na zamanin W123 haka suke. Zobban ba duka ƙarfinsu ɗaya ba, na wasu tsofaffin injuna bai kai na baya-bayan nan tauri ba, amma ko mafi rauninsu ya fi mazaunin da aka yanka kai tsaye a jikin kas.

Motocin Amurka kuwa, tun farkon shekarun 1970 kamfanoni suka fara taurara mazaunin bawul, domin sun san canji na tafe. A 1975 aka fara sa wa sababbin motocinsu matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, wadda kanikawanmu ke kira indomi, ita kuwa dalma kashe ta take yi. Japan ma a 1975 ta mayar da fetur ɗinta na gama-gari marar dalma. Don haka Toyota da Datsun da Honda na ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama, akasarinsu da irin wannan man aka yaye su.

Waɗanda suka rage su ne masu top na baƙin ƙarfen zubi, wato kas, da aka yanka mazaunin a jikinsa. Nan za ka sami tsofaffin motocin Ingila: Morris Minor, Mini, Ford Cortina, tsohuwar Land Rover mai injin fetur lita 2.25, da manyan motocin Bedford na fetur. Su ne abin ya shafa da gaske. Su ɗin ma sai an haɗa musu da sharaɗi na biyu. Motar da ake fitarwa ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure, a zaga gari a hankali a dawo, za ta iya shekaru ba a ga canji ba. Wadda aka lafta wa kaya aka ɗora a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko Damagaram zuwa Agadas, ƙafa a kan totur awa biyar cikin zafin bazara, ita ce ke cikin haɗari.

GANI YA KORI JI

Ga hujjar da muke so kowa ya riƙe. A watan Yunin 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi taro a Dakar, suka amince su daina fetur mai dalma kafin ƙarshen 2005. Zuwa farkon 2006 an daina, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. Ma'ana, duk tsohuwar motar da ke tafiya a titunanmu yau ta shafe kusan shekara ashirin tana shan fetur marar dalma. Babu wani gidan mai da za ka shiga ka ce a zuba maka mai dalma, daga Sakkwato har Yola.

To ina gawarwakin? A cikin waɗannan shekaru, 504 doguwa ta ci gaba da jigilar fasinja tsakanin garuruwa, mutum bakwai da kaya har saman but. 404 a-kori-kura ta ci gaba da ɗaukar buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye. Wannan shi ne aiki mafi tsanani da za a iya ba inji, kuma direbobinsu ba su san wata kwalba ba. Da zancen masu tsoratarwa gaskiya ne, da tuni an share su daga hanya cikin shekara biyu. Abin da ya rage yawansu sanannen abu ne: shigowar motocin Kwatano, tsadar kayan gyara, haɗurra, da tsatsa.

Ingila ta riga mu shiga wannan fargaba. Da aka tsayar da ranar 1 ga Janairun 2000 don janye fetur mai dalma daga gidajen mai, an yi ta kururuwar cewa tsofaffin motoci sun gama yawo. Su kuwa nasu motocin ma su ne masu top na kas. Yau fiye da shekara ashirin ke nan, Morris Minor da MGB suna nan suna cika filayen baje kolin tsofaffin motoci a ƙasar. Wasu an dasa musu zobba, wasu ana zuba musu sinadari, wasu kuma masu su suna auna tafet kawai suna tafiyarsu.

GYARAN GANGAR AUZINAWA

Yanzu mu zo kan magungunan da ake tallatawa, domin su ne suka sa muka ɗauki alƙalami.

Masu cewa a tsiyaya baƙin mai, ko gas, ko kananzir a tankin fetur "don bawul ya sami maiƙo", muna tambayarsu: wane maiƙo ne zai tsira a wurin da zafi ya haura digiri 700? Ƙonewa zai yi ya bar gawayi a kan fistin da fulogi. Sannan dukkan ukun suna rage okten. Ka ga an je neman maganin matsalar da babu, an jawo ƙarar ƙyas-ƙyas ɗin da aka ƙirƙiro dalma don a kashe. Gawayin kuma idan ya yi ja sai ya riƙa kunna mai kafin lokaci, wanda shi ne ke huda fistin.

Masu jefa gutsuren dalma a tanki, ko su sayar maka da wasu ƙwallayen ƙarfe a cikin raga su ce suna "gyara mai", su sani cewa dalmar da ake zubawa a fetur sinadari ce mai ruwa da aka sarrafa a masana'anta. Dalmar batir ko ta tayar mota ba ta narkewa a fetur. Za ta zauna a ƙasan tanki tana ƙwaram-ƙwaram har ranar da za a sauke shi.

Masu cewa a nemo man ƙananan jiragen sama, wanda ake kira 100LL, su ne suka fi ba mu tsoro, domin shi kam da gaske akwai dalma a ciki. An yi shi ne don injin jirgi, tsadarsa ta wuce hankali, kuma duk motar da ke da indomi ko na'urar auna iskar salansa, zai lalata mata su. Abin da ya fi wannan muni shi ne hayaƙin zai fita ne a ƙofar gidanka, inda yaranka ke wasa.

Sai 'yan kwalabe. A nan sai mu yi adalci. Akwai sinadaran gaske da ke maye gurbin dalma wajen kare mazaunin bawul, ana yin su da fotasiyam, ko sodiyam, ko fosfaras, ko manganis. Kafin shekarar 2000, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Birtaniya ta sa an gwada irin waɗannan kayayyaki a cibiyar gwajin motoci ta MIRA, a kan inji mai top na kas, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka tsallake. Wannan ya nuna abu biyu: na ƙwarai yana aiki, kuma ba duk abin da aka rubuta wa suna mai daɗi ne na ƙwarai ba. Na ƙwaran ma sai an zuba shi a kowane cikon tanki bisa ma'auni, ba a gauraya iri biyu, kuma mai top na kas da ke aiki mai nauyi ne ke buƙatarsa. Wanda ya sayar wa mai 504 ko mai Beetle kwalba marar sunan kamfani, marar bayanin abin da ke ciki, bayan ya cika shi da tsoro, ya ci kuɗinsa ba da haƙƙi ba. Mu faɗa wa juna gaskiya, wannan ba kasuwanci ba ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba mu tare da masu cewa "zuba ka tafi, ba komai". Tsohon inji yana son kulawa, sai dai kulawar ta ilimi.

Na farko, san top ɗinka. In ba ka da tabbas, manna masa maganaɗisu. Ya kama, kas ne. Bai kama ba, alminiyam ne.

Na biyu, auna tafet ka rubuta. Wannan ne ma'aunin da ba ya ƙarya, kuma kuɗinsa bai wuce na fila gej ba. A saita ratar yadda littafin motar ya ce, a Beetle misali milimita 0.15 ce idan inji ya huce sarai. Bayan kilomita dubu uku zuwa biyar a sake aunawa. In ratar bawul ɗin hayaƙi tana nan yadda take, injinka lafiya yake, ko me aka faɗa maka. In kullum raguwa take yi, bawul na nutsewa, lokacin aiki ya yi. Muna kuma roƙon 'yan uwanmu kanikawa su daina ɗaure tafet tamau don maigida ya ji inji ya yi shiru. Bawul yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Tafet mai ɗan ƙara ya fi mai shiru tsawon rai, kuma bawul da yawa da aka ɗora wa man zamani laifin ƙonewarsu, sifana ce ta ƙone su.

Na uku, saurari injinka a kan hawa. In yana ƙyas-ƙyas idan ka taka, okten ɗin man bai ishe shi ba, sai a ja taimin baya kaɗan, digiri biyu ko uku, har ƙarar ta ɗauke. Kada a zarce, domin taimin da ya yi latti sosai yana tura wuta ta bakin bawul ɗin hayaƙi. Haka nan kada a shaƙe kafireta fiye da kima da sunan tsimin mai. Mun san halin da ake ciki tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, amma inji mai ƙarancin mai da yawan iska zafinsa ya fi yawa, abin da ka tsimi a gidan mai za ka biya shi a gareji.

Na huɗu, in top ɗinka na kas ne kuma motar aiki take yi, ka dasa zobba masu tauri a mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Masu injin gyaran top ne ke yi: a faɗaɗa gurbin, a dasa zoben da matsi, a yanka masa kusurwa daidai da bawul. Ba sai ka buɗe inji mai lafiya don wannan kawai ba. Ka jira ranar da za a sauke top saboda gasket ko ringi, sai a haɗa aikin. Amma a kula da wani abu: injin da ya daɗe yana shan dalma yana riƙe da ragowar dafinta a mazauni na wani lokaci, ranar da aka yi masa girandin bawul kuwa an goge wannan kariya. Don haka top na kas da aka yi wa girandin, ranar ce ta fi dacewa a dasa masa zobba. Kuma a kai aikin wurin wanda ya iya, domin zoben da bai kamu da kyau ba yana iya faɗowa cikin silinda ya farfasa fistin.

Na biyar, ga masu shirin mayar da tsohuwar mota ta koma shan iskar gas ta CNG: ku ne ya kamata ku fi kowa damuwa da wannan batu. Iskar gas busasshiya ce, ba ta barin komai a bakin bawul, kuma tana cin mazauni mai laushi fiye da kowane irin fetur. Abin mamaki, masu ihun dalma ba mu ji suna ambaton wannan ba.

MAKASAN TSOHON INJI NA GASKIYA

Da za mu karkatar da rabin wannan hayaniya zuwa abubuwan da ke kashe injunanmu da gaske, da mun ceci motoci da yawa. Gurɓataccen mai na kan gaba. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta tsayawa a hanya, layin mai ya dawo. Irin wannan sinadari yana cin tsohuwar roba: tiyon mai, fatar famfon mai, da robobin cikin kafireta. Tiyon da ya tsage a saman inji mai zafi gobara ce. Canza tsofaffin tiyo da sababbi masu jure man zamani ya fi kowace kwalba amfani. Ga kuma man galan na bakin titi da ba ka san da me aka gauraya shi ba. Ga ruwan rijiya a lagireto, wanda ke cin top na alminiyam daga ciki. Ga ƙurar hunturu da ke shiga inji saboda an cire matatar iska an yar. Ga jabun baƙin mai. Kowanne cikin waɗannan ya kashe 504 fiye da yadda rashin dalma ya taɓa kashewa.

KUƊIN DA AKA BIYA

A ƙarshe, ko da a ce dalma tana ƙara wa kowane inji shekara goma, ba za mu goyi bayan dawowarta ba. Clair Patterson, masanin da ya auna shekarun duniya ta hanyar nazarin dalma, ya nuna a 1965 cewa hayaƙin motoci ya watsa ta ko'ina, har cikin jikin mutane. A 1979 likita Herbert Needleman ya auna dalmar da ke cikin haƙoran yara 'yan makaranta a Amurka, ya nuna cewa masu yawanta sun fi rauni a fahimta da natsuwa a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da wannan mai a Yulin 2021, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kawar da shi na hana mutuwar mutum fiye da miliyan 1.2 a kowace shekara.

Mu kam ba sai an kawo mana labari daga Amurka ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta bar wasu dubbai da larurar da za su rayu da ita. Hanyar shigarta daban ce, amma gubar ɗaya ce. Wanda ya san wannan, da wane baki zai ce a nemo man jirgi a zuba wa mota don bawul ya ji daɗi? Kuma wa zai fi shaƙa? Yaron gareji da ke tsotso mai da baki ta tiyo, yake wanke hannu da fetur kafin ya ci abinci. Mai talla a bakin tasha. Ɗanka da ke tsaye a bayan mota kana ɗumama inji da safe. Top silinda ana sayo wani a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Ƙwaƙwalwar yaro in dalma ta taɓa ta, ba kasuwar da ake sayar da wata.

Saboda haka muna kira ga 'yan wannan zaure. Duk wanda zai ce man yanzu ya kashe masa inji, ya zo mana da irin motar, da irin top ɗinta, da awon tafet na farko da na biyu, sai mu tattauna a kan hujja. Duk mai tallar kwalba ya nuna sunan kamfanin da abin da ke ciki, ya kuma faɗi irin injin da ke buƙatarta. Masu tsofaffin motoci kuma kada wanda ya karyar da gadon gidansu saboda jita-jita. Da tsohuwar zuma ake magani, waɗannan motoci sun ga gwamnatoci sun ga hanyoyi, kuma in an kula da su za su kai jikokinmu makaranta.

Dattawanmu kanikawa da suka yi aiki a zamanin mai dalma da bayansa, muna jiran ku gaya mana abin da idonku ya gani a cikin injuna. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.